Idan aka kashe enzayim ɗin HPR, tsiro zai daina asarar da yake yi a zafin rana?

"Assalamu alaikum Dakta. Ni malamin bayoloji ne a wata sakandare a Tudun Wada, Kaduna, ina kuma ɗan taɓa noman rani a bakin kogi, tumatir da wake. A littattafan da muke koyarwa da su an ce fotorespireshin asara ce kawai ga tsiro, musamman lokacin zafi. Da na bi zanen matakansa, sai na ga can wajen ƙarshe akwai wani enzayim mai suna HPR, wato haidiroksifairubet ridaktes, na kuma ci karo da wasu ridaktes ɗin daban. Mene ne ainihin aikinsu? Kuma tunda abin asara ne, me ya hana masana su kashe wannan enzayim ɗin, tsiro ya huta?"

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka biyu ce a dunƙule: me ridaktes ɗin nan suke yi, kuma ko toshe su zai tsayar da asarar. Enzayim dai furotin ne da ke hanzarta juya wani sinadari zuwa wani a jikin mai rai, ridaktes kuma wani rukuni ne daga cikinsu. Bari in fara da ta biyun, don amsarta gajera ce. Ba zai tsayar ba, ƙara ta ma zai yi, kuma an gwada an gani. Dalili shi ne asarar ba a wurin HPR take farawa ba. Kafin a iso gare shi ɓarnar ta riga ta auku, shi aikinsa ceto abin da ya saura. Daga nan zan riƙa kiran fotorespireshin da numfashin haske, tunda a cikinsa ganye yana shan oksijin yana fitar da kabon dayoksaid, kuma sai da haske yake yin haka.

Tushen matsalar yana wurin Rubisko, enzayim ɗin da ke kama kabon dayoksaid a cikin kuloroplas, wato koren ɗakin da ke cikin ƙwayar halittar ganye inda ake haɗa abinci, ya haɗa shi da wani sukari mai ƙwayar kabon 5. Idan ya kama daidai, ana samun guda biyu na sinadarin 3-PGA, kowanne mai kabon 3, su ne ake sarrafawa su zama sukari da sitaci. To amma Rubisko ba ya rarrabe kabon dayoksaid da oksijin yadda ya kamata, ga shi kuma iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 oksijin ce, kabon dayoksaid kuwa kimanin kashi 0.04 ne kacal. Don haka ko a yanayi mai daɗi, wajen digiri 25, kusan sau ɗaya cikin huɗu ko biyar oksijin yake cafkowa. Idan hakan ta faru sai a samu 3-PGA guda ɗaya tak, da wani sinadari mai kabon 2 da ake kira fosfogilaikolet. Wannan na biyun guba ne ga kuloroplas, domin yana danne wasu enzayim na hanyar haɗa sukarin kanta. George Bowes da William Ogren da Richard Hageman ne suka tabbatar a 1971, a Jami'ar Ilinoi ta Amurka, cewa Rubisko ne da kansa yake wannan kuskure.

Zafi yana tsananta abin ta hanya uku. Rubisko yana ƙara rikicewa, kabon dayoksaid yana guje wa ruwan cikin ganye fiye da yadda oksijin ke yi, sannan idan ƙasa ta bushe ganye yakan tsuke ƙananan ƙofofinsa na shigar iska don kada ya yi asarar ruwa, sai kabon dayoksaid ya ƙaranta a ciki. Ka tuna yadda garin nan yake a Maris da Afrilu, bayan hunturu ya tafi damina ba ta sauka ba, rana tana haura digiri 35. A lokacin ne tumatir da wake da shinkafar rani suke cikin wannan hali sosai. Masara da dawa da gero da rake, har da alayyafo, suna da dabarar da ake kira C4: suna tara kabon dayoksaid a wasu ƙwayoyin halitta da ke kewaye da jijiyar ganye, inda suka ɓoye Rubiskonsu, don haka kuskuren nasu kaɗan ne.

Hanyar da gubar ke bi

Zan ratsa matakan da sauri tunda kana da zanensu. A kuloroplas ake cire wa fosfogilaikolet fosfet ɗinsa ya zama gilaikolet. Gilaikolet ya wuce feroksisom, wani ƙaramin ɗaki daban a cikin ƙwayar halittar, a can a mai da shi gilayoksilet, tare da fitar haidirojin feroksaid wanda enzayim ɗin katalas ke rusawa nan take. Gilayoksilet ya karɓi naitirojin ya zama gilaisin. Gilaisin ya shiga maitokondiriya, ɗakin da ke samar wa ƙwayar halitta ƙarfi, inda guda biyu ke haɗuwa su ba da serin guda ɗaya, kabon dayoksaid ɗaya ya fice, amoniya ɗaya ta fice, a kuma samu NADH, sinadarin da ke dakon haidirojin da ilektiron daga wuri zuwa wuri. Nan ne asarar da littafinku ke magana a kanta take. Serin ya dawo feroksisom, a karɓe naitirojin ɗinsa ya zama haidiroksifairubet. HPR ya mai da shi giliseret. Giliseret ya koma kuloroplas, a ɗora masa fosfet, ya zama 3-PGA.

Yi lissafin kabon ɗin: fosfogilaikolet biyu, kabon 4 ke nan. Ɗaya ya tafi iska, 3 sun dawo gida. Abin kamar wurin sussuka ne da hatsi ke ta watsewa a ƙasa, masu kala suna bi suna tsincewa, cikin kowane mudu huɗu da ya zube suna mayar da uku cikin buhu. Korar masu kala ba ta hana zubewa, sai dai a rasa huɗun gaba ɗaya.

HPR da 'yan uwansa

Ridaktes dai enzayim ne da ke ɗauko haidirojin da ilektiron daga NADH ko ɗan uwansa NADPH ya ɗora wa wani sinadari. A nan, HPR na cikin feroksisom, wanda ake kira HPR1, yana amfani da NADH ya juya haidiroksifairubet zuwa giliseret. Mataki ɗaya ne, amma sai an wuce shi kabon ɗin ke samun siffar da kuloroplas zai karɓa.

Akwai wani abu da zanen littafi bai cika nunawa ba, kuma a ganina shi ne mafi daɗin wannan darasi. Daga ina NADH ɗin yake zuwa? Feroksisom ba ya samar da wanda zai ishe shi, kuma NADH ba ya ratsa bangon maitokondiriya ko na kuloroplas haka kawai. Sai a ɗora haidirojin ɗin a kan sinadarin malet, malet ya fito daga kuloroplas ko maitokondiriya ya shiga feroksisom, a can wani enzayim ya sauke masa kayan a samu NADH, HPR1 ya cinye. Lura da yadda lissafin ya zo daidai: duk gilaisin biyu da aka rusa a maitokondiriya suna ba da NADH ɗaya, kuma serin ɗin da suka haifar yana buƙatar NADH ɗaya a wurin HPR. Ke nan HPR1 ba kabon kaɗai yake cetowa ba. Magudana ce da ke janye rarar ilektiron daga inda suka yi yawa. Da tsakar rana, ganye ya tsuke ƙofofinsa amma haske bai daina zuba ba, kuloroplas yana cika da ƙarfin da ba shi da inda zai kai shi, kuma irin wannan rarar ce ke ƙona injin haɗa abincin. Numfashin haske gaba ɗayansa yana shanye wani kaso nata. A 1996 wasu masana biyu a Japan, Kozaki da Takeba, suka nuna a kan ganyen taba cewa wanda aka ƙarfafa masa wannan hanya ya fi jure haske mai tsanani, wanda aka raunana masa ita kuma ya fi saurin lalacewa. Shi ya sa ba na son kalmar "kawai" da ke cikin jumlar littafinku.

Yanzu ga gwajin da kake tambaya. Daga 1979 Chris Somerville da Ogren suka fara wani aiki mai wayo da ɗan tsiron nan Arabidofsis, dangin kabeji, wanda masu bincike suka mayar abin gwajinsu. Suka jirkita ƙwayoyin gadon tsirrai masu yawa, suka rene su a ɗaki mai kabon dayoksaid kusan kashi 1 cikin 100, inda Rubisko ba ya kuskure, sannan suka fito da su iska irin tamu. Waɗanda suka rasa ɗaya daga cikin enzayim ɗin numfashin haske sai suka yi rawaya suka kama hanyar mutuwa, idan an mayar da su ɗakin kuma su farfaɗo. Mataki bayan mataki haka aka yi ta gani. Ko masara ba ta tsira ba: a 2009 Israel Zelitch da abokan aikinsa suka nuna cewa masarar da ta rasa enzayim ɗin da ke juya gilaikolet zuwa gilayoksilet tana mutuwa tun tana ƙarama a iska ta yau da kullum.

HPR ne ya fita zakka. A 1989 aka samu sha'ir a Ingila wanda kusan ba shi da HPR na feroksisom, amma yana rayuwa a iska. Arabidofsis ma haka, ya ɗan tsumbure amma bai mutu ba. An daɗe ana zargin akwai wani mai riƙe masa aiki, sai a 2008 Stefan Timm da Hermann Bauwe da abokansu a Jami'ar Rostok ta Jamus suka gano ƙwayar gadon HPR2. Shi ba a feroksisom yake ba, yana cikin ruwan ƙwayar halitta ne, kuma ya fi son NADPH. Idan haidiroksifairubet ya taru ya yoyo waje, shi ke tare shi. Da aka kashe HPR1 da HPR2 tare, tsiron ya tsumbure ƙwarai a iska, ya kuma warware a ɗaki mai yawan kabon dayoksaid. A 2011 suka ƙara da HPR3 a cikin kuloroplas, wanda gudummawarsa ƙarama ce. Shinkafa ma an same ta da HPR na feroksisom da na waje. Tsiron da ya tanadi ma'aikata uku a mataki ɗaya, ai ya nuna maka matsayin matakin a wurinsa.

Akwai kuma sakamakon da ya amsa tambayarka kai tsaye. A 2011 Asaph Cousins da abokan aikinsa suka auna iskar da Arabidofsis marar HPR1 ke fitarwa, suka tarar yana zubar da kabon dayoksaid fiye da lafiyayye a kan kowane oksijin da Rubisko ya kama. Bayanin da ya fi dacewa shi ne haidiroksifairubet da gilayoksilet idan sun taru a feroksisom suna karo da haidirojin feroksaid, ya fizge masu kabon ba tare da wani enzayim ba. Wato maimakon a rasa ɗaya cikin huɗu, sai a rasa fiye.

Ridaktes masu share gilayoksilet

Sauran da ka ci karo da su, mai yiwuwa GLYR1 da GLYR2 ne, wato gilayoksilet ridaktes. Na farko yana ruwan ƙwayar halitta, na biyu yana kuloroplas, an kuma same shi a maitokondiriya. Da NADPH suke aiki, kuma abin da suke yi kamar komawa baya ne: suna mayar da gilayoksilet gilaikolet. Me ya sa? Gilayoksilet sinadari ne mai saurin manne wa furotin da DNA, yana kuma hana Rubisko tashi aiki. A cikin feroksisom ba ya daɗewa, amma idan ya yi yawa ya fito, gara a mai da shi gilaikolet wanda ba shi da wannan zafin, ya sake shiga layi. Barry Shelp na Jami'ar Gwelf a Kanada ya yi aiki mai yawa a kansu, ya kuma nuna suna sarrafa wani sinadarin daban da ke taruwa lokacin fari ko sanyi ko ambaliya. Tsiron da ya rasa su ba ya mutuwa a iska. Saboda haka ba a lissafa su cikin ainihin da'irar, masu gadin gefe ne.

Za ka iya samun ruɗani a tsofaffin rubuce-rubuce, domin enzayim ɗin da Zelitch ya fara bayyanawa a shekarun 1950 a matsayin gilayoksilet ridaktes mai amfani da NADH, daga baya Edward Tolbert da mutanensa a Jami'ar Jihar Mishigan suka nuna cewa ya fi ƙwarewa nesa ba kusa ba a kan haidiroksifairubet. HPR1 ne tun asali.

Batun naitiret, inda masana ba su daidaita ba

Akwai ridaktes na uku da manomi ya fi kowa ruwa da shi, ko da yake ba ya cikin zanen: naitiret ridaktes, mai fara juya naitiret ɗin da saiwa ta sha daga taki zuwa abin da za a gina furotin da shi. Yana ruwan ƙwayar halitta, NADH yake ci, kuma NADH ba shi da yawa a wurin. Arnold Bloom na Jami'ar Kalifoniya da ke Debis ya nuna, tun daga 2004, cewa idan aka danne numfashin haske a alkama da Arabidofsis, ko ta rage oksijin ko ta ƙara kabon dayoksaid, sarrafa naitiret a ganye yana raguwa. Fassararsa ita ce malet ɗin nan da ke kan hanyarsa ta zuwa feroksisom, naitiret ridaktes yana samun rabonsa daga ciki. Sanannen abu ne cewa alkama da shinkafar da aka noma a iska mai yawan kabon dayoksaid furotin ɗinsu yana raguwa. Ko wannan ne babban dalili, a nan ake jayayya, domin wasu sun ce yawan sitaci ne ke tsarma furotin ɗin, wasu kuma sun ce raguwar ruwan da ganye ke ja ce ke rage abin da saiwa ke ɗaukowa. Idan za ka faɗa wa ɗalibai, faɗa masu a matsayin ra'ayi mai hujja, ba hukuncin da aka rufe ba.

Abin da masana suke yi a maimakon toshewa

Tunda rufe hanya kisa ne, sai aka koma neman gajeriyar hanya. A 2007 wata tawaga a Aken ta Jamus ta ɗauko enzayim daga ƙwayar bakteriya E. coli ta dasa a kuloroplas na Arabidofsis, don a sarrafa gilaikolet a nan inda aka haife shi, kabon dayoksaid ɗin da zai fita ya fita kusa da Rubisko, amoniya kuma ba ta zuba. Abin sha'awa, matakin ƙarshe na wannan sabuwar hanya ma ridaktes ne, tartronik semi'aldihaid ridaktes, kuma giliseret yake bayarwa kamar HPR. A 2019 Paul South da Donald Ort da abokansu na RIPE, wani shirin bincike a Ilinoi kan inganta yadda tsiro ke haɗa abinci da haske, suka gwada wata gajeriyar hanyar daban a gona, a kan taba, nauyin tsiron ya ƙaru har kusan kashi 40 cikin 100 a mafi kyawun tsirran da aka sauya wa ƙwayoyin gado. Wake da rogo suna cikin amfanin gonar da shirin ya sa a gaba.

Sai dai a yi hattara da ɗaukar waɗannan alƙaluma a kawo su bakin Kogin Kaduna. Nauyin ganyen taba daban, yawan ƙwayar wake a kwanso daban. Kuma yawancin abin da na zayyana a kan HPR da GLYR daga Arabidofsis ya fito, tsiron ƙasar sanyi da ake renonsa a ɗaki mai na'urar daidaita zafi. Ni kaina aikina koyarwa ne da auna enzayim a ganye, ba sauya ƙwayoyin gado ba. Kada kuma a haɗa wannan da waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta fitar a 2019. Shi tsutsar da ke huda kwanso aka yi shi ya jure, bai shafi numfashin haske ba.

A gona, abin da ke hannunka shi ne kada ganye ya kai ga tsuke ƙofofinsa da wuri: ban ruwa da sassafe, rufe gindin shuka da ciyawa ko ƙaiƙayi, da shuka a kan lokaci yadda fure da cikar 'ya'ya za su faɗo cikin hunturu. Ba kowace illar zafi ce ta numfashin haske ba. Zubar furen tumatir a Afrilu galibi garin furen ne zafi ke kashewa. Idan kuma wani ya kawo maka maganin feshi ya ce yana hana numfashin haske, riƙe kuɗinka. A 1992 an yi ta yayata cewa fesa metanol yana yin haka, gwaje-gwajen gona da suka biyo baya akasarinsu ba su tabbatar ba, ga shi kuma guba ne ga mai feshin.

Abin da za ka iya nuna wa ɗalibai

Yadda muke auna HPR a ɗakin gwaji ba shi da wuya idan akwai na'urar auna haske. NADH yana shan haske mai tsawon zango nanomita 340, idan ya sauke haidirojin ɗinsa kuma ba ya sha. Sai mu niƙa ganye a ruwan fosfet mai sanyi, mu tace, mu zuba NADH da haidiroksifairubet, mu zuba ido lambar na'urar tana sauka. Saurin saukarta shi ne ƙarfin enzayim ɗin. Ƙanƙara ita ce rabin aikin a garin nan, domin ruwan ganye idan ya ɗumama enzayim ɗin yana raunana, kuma ɗaukewar wuta a tsakiyar awo tana nufin a sake daga farko. Idan muna son raba HPR2 da HPR1 sai mu sa NADPH a madadin NADH, mu kuma ɗiga okzalet, wanda ke danne mai amfani da NADPH ɗin sosai ya kusan ƙyale ɗayan. Gwajin da ɗalibaina suka fi so shi ne na kokwamba: a tsirar da iri kashi biyu, ɗaya a duhu ɗaya a haske. Ganyen farko na wanda ya ga haske HPR ɗinsa ya ninka na duhun, domin haske ne ke tayar da ƙwayar gadonsa.

A sakandare da wuya a samu wannan na'ura, amma abu biyu suna yiwuwa. Ka daka ɗanyen ganyen wake, ka zuba masa haidirojin feroksaid irin na kemis, kumfar da za ta taso aikin katalas ne, maƙwabcin HPR1 a cikin feroksisom. Ka tafasa wani kason kafin ka zuba, su ga kumfar ba ta tashi. Na biyu, ka tsinko ganyen masara da na wake da yamma bayan sun sha rana, ka yanka su siriri da reza, ka ɗiga aidin, ka sa a madubin ƙara girma. A masara sitacin zai fito baƙi-baƙi a zobe kewaye da kowace jijiya, a wake kuma a warwatse cikin ganyen. Cikin zoben nan masara ta ajiye Rubiskonta, kuma a nan ɗan numfashin hasken da take yi yake farawa.